Kwanan Watan Sa'adu

Wata takwas ke nan rahoton awon yara na Goronyo yana fita da kwanan wata guda: sha huɗu ga Maris. Mas'uda ta sani sarai, ai ba makauniya ba ce.

Mijinta Sa'adu ne ya rubuta makron, wato jerin umarnin da ke tattaro alƙaluman ƙananan asibitocin ƙauyuka ya fitar da rahoto. Manhajar kwamfutar ofishinsu tana da nata aikin da ke ɗauko kwanan watan yau, amma in ka kira shi kai tsaye a cikin makro, sai ta buga sunansa kawai ta zuba maka ido. Sa'adu kuwa, Allah ya jiƙansa, ba shi da haƙurin bin diddigi. Duk wata sai ya buga kwanan da hannu yana cewa, "Bari dai, ina gyara shi." Sha huɗu ga Maris ya buga na ƙarshe. Washegari mota ta kife da shi a hanyar Wurno.

Da ta gama takaba aka ba ta kujerarsa. Komai ta koya, komai ta taɓa, ban da layin kwanan watan nan. Duk wata in takarda ta fito da ɗuminta, sai ta ga kamar yanzu ya tashi ya tafi masallaci. Wallahi kewarsa ta ishe ta.

Ran Talata shugabanta Patrick ya ajiye mata takardu.

"Malama Mas'uda, Sakkwato sun dawo da rahotonmu. Sun ce na Maris muke ta aikawa. In bai gyaru yau ba, abincin yaran ƙauyen Kwargaba ba zai fito ba."

"To mi za a yi, Oga?"

"Umarni ɗaya za ki sa a gaba, shi zai kira aikin daga cikin makron. Minti biyu."

"Na san shi," in ji ta. "Tun watan azumi na san shi."

Patrick ya dube ta, ya dubi kwanan, ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Ta juya ga kwamfuta, ta buɗe makron. Sannan ta goge lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta abin da Sa'adu ya yi ta cewa zai rubuta. Injin buga takarda ya yi gurnani, takarda ta fito da ɗuminta. Ashirin da shida ga Nuwamba.

"Ga shi na gyara maka, Sa'adu," ta ce, ta kifa kai a kan teburin.