Totur ɗin Gwaggo

Shin Mika'ilu taimakon Jaji ya yi, ko kuwa zaluntarsa? An yi ta juya maganar nan a bakin kanal da ƙofar masallaci, har yau ba a tsaya a kan ɗaya ba. Abin da kowa ya gani dai shi ne, da hantsin wata Laraba a tsakiyar kakar tumatur, Mika'ilu yana tsaye a kan bamba, kansa cikin injin tsohuwar motar katakon da ake kira Gwaggo, Jaji mai motar kuma yana zaune a tabarma gindin taya, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa.

"Ka gano ciwon nata, ko sai na ɗauko mata likita daga birni?" in ji Jaji.

"Sifirin da ke dawo da totur ne ya mutu, Maigida. Sandar totur ɗin ma duk ta yi tsatsa."

"Wannan ai tun kana karen mota na sani. Gyara nake tambaya."

"Sai an samo irinsa."

"Daga Makka za a zo da shi?"

Mika'ilu ya ƙara sunkuyawa cikin injin. Furfura ta fara cin gemunsa, yana da rumfarsa ta gyaran injinan ban-ruwa a bakin hanyar Bunkure, amma a gaban Jaji har yanzu yaron mota ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Sifirin da zai yi daidai kuwa yana cikin aljihun rigarsa, daga wani mataccen inji ya ciro shi. Duk sa'ad da ya sunkuya sai ya ji ƙarfen yana tokarar ƙirjinsa.

Totur ɗin Gwaggo ya daɗe yana maƙalewa. In an taka shi sai ya lafe a ƙasa ya ƙi tasowa, inji ya yi ta ruri. Jaji bai taɓa kiran wannan matsala ba. Shi ba ya tuƙi da takalmi. In ya taka, sai ya zura babban yatsansa ƙarƙashin ƙarfen ya ɗago shi. A haka ya yi ta jigilar kwandunan tumatur da buhunan shinkafa shekara da shekaru. A haka kuma yake kai mamatan unguwar, domin tun da ruwan noman rani ya jiƙe ƙasar wurin, in aka haƙa kabari ruwa ke tsattsafowa, sai aka mayar da maƙabarta can kan tudu, bayan gonakin shinkafa, gaba da kwalbati. Ba a roƙonsa. Da ya ji salati daga wani gida, zai share bayan motar ya shimfiɗa tabarma.

Bana ne ƙafar ta kumbura, jiri kuma ya riƙa ɗibarsa. Rannan yana bin hanyar gefen kanal da lodi, totur ya lafe, yatsan ya ƙi shiga. Allah ya sa ya kashe injin, motar ta tsaya taya ɗaya na leƙen ruwa, tumatur ya yi ja a kan kanal har kwalbati.

Washegari Inna Asta, matar Jaji, ta tare Mika'ilu a zaure.

"Mika'ilu, zai ce ka gyara. In ka gyara zai hau, kai ma ka san halinsa. Jiya sau nawa ya kusa faɗuwa tsakanin ɗaki da randa? Ka dubi Allah ka bar ta yadda take."

Shi ya sa sifirin ya zauna a aljihu.

Jaji ya ɗaga kai ya dube shi a kan bamba. "Sauko, Mika. Zo ka zauna."

Ya sauko ya tsuguna a gefen tabarmar.

"Ni na koya maka riƙon sifana. Aikin nan bai kai a dafa shayi ba. Asta ce ko?"

"Jikinka ne, Maigida."

"Jikin nawa ne ai, ba na haya ba." Ya yi dariya, tari ya katse ta. Da ya lafa, ya ce a hankali, "Ba kasuwa zan je ba. Na san na gama da kasuwa. Daga nan zuwa kwalbati kawai, in juyo. Ka zauna a gefena in kana tsoro. Ina so in ji ta a ƙafata sau ɗaya, kafin."

Bai ƙarasa ba. Mika'ilu ya dubi hanyar. Siririya ce, ruwa a hagu, fadamar shinkafa a dama, mata da 'yan makaranta da shanu duk ita suke bi. Ya dubi ƙafar Jaji, fatar tana sheƙi kamar an shafa mata mai. In jiri ya zo a tsakiyar hanya fa? In kuma bai zo ba fa? Wa ya ba shi ikon hana mutum abinsa? 

"Ba zan gyara ba, Maigida. Ka yi haƙuri."

Jaji ya daɗe yana kallonsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"To," ya ce. "Rufe mata baki, kar kaji su yi ƙwai a ciki."

Daga ranar bai ƙara tayar da maganar ba. Kullum da hantsi za a fito masa da tabarma inuwar Gwaggo. In Mika'ilu ya biyo da lemo ko ƙosai, zai karɓa ya sa albarka, ya tambayi aiki, ya zolaye shi a kan injinan da yake gyarawa suna komawa suna lalacewa. In wata mota ta wuce da lodi, sai ya karkata kunne.

"Ji wannan, giya yake nema kamar mai laluben allura."

Mika'ilu ya lura, duk sa'ad da ƙarar inji ta tashi, babban yatsan Jaji yana motsi a kan tabarma, yana ƙoƙarin lanƙwasawa sama. Sai ya kawar da kai. Sau da yawa ya fito daga gida da niyyar buɗe bonet, ya iske tsohon yana haki ko yana dafe da goshi, ya wuce rumfarsa da sifirin a aljihu.

Ranar wata Asabar, rana ta fara ɗagawa, yana kwance wani inji ya ji salati daga bayan katanga. Ya ajiye sifana a hankali.

Kafin a gama wanka ƙofar gidan ta cika. Manoma sun baro ruwa yana kwarara a gonaki, ƙafafunsu duk taɓo. Masu haƙa sun riga sun tafi tudu. Sai maganar abin ɗauka ta taso, mutane suka yi cirko-cirko, don ba a taɓa yin wannan tambayar a unguwar ba. Hambali mai albasa ya ce ga kekensa mai bodi, a wanke shi, taki kawai ya ɗauko da safe.

Aka ce Inna Asta tana kiran Mika'ilu. Ya tsaya a zaure, ita tana bayan ƙyaure, muryarta ta dishe.

"Duk wanda ya rasu a unguwar nan, Malam ne ya kai shi," ta ce. Sa'an nan ta ƙara, "Ni na hana ka. Yanzu ban hana ka ba."

Ya fito bai kalli kowa ba. Ya hau bamba ya ɗaga bonet. Ya wanke sandar da kalanzir har tsatsar ta zubo ja a kan yatsunsa, ya goge, ya shafa giris a mahaɗa. Ya ciro sifirin daga aljihu, da ɗuminsa, ya maƙala da filaya. Mutane na tsaye suna kallo. Ba wanda ya ce komai a kan saurin aikin, amma kowa ya gani.

Hambali ya hau baya da tsintsiya. Wani ya kawo tabarmar da ke gindin taya ya kakkaɓe ya shimfiɗa. Liman ya yi gyaran murya, aka ja sahu, aka sallaci Jaji a inuwar motarsa.

Da aka ɗora makarar, Mika'ilu ya buɗe ƙofar direba. Ya tsaya, ya tuɓe takalmansa ya bar su a ƙasa, ya hau. A gefen ƙarfen totur ɗin akwai wani wuri da ya sulɓe yana ƙyalli, daidai faɗin yatsa. Ya murza makulli, Gwaggo ta yi tari ta kama. Ya taka a hankali, ya ɗaga ƙafa, ƙarfen ya biyo tafin ƙafarsa da kansa.

Ya sa giya, ya nufi kwalbati.