Takarda Biyu, Sa Hannu Ɗaya

Izunna mai sayar da kayan gyaran babur a unguwar Gyadi-Gyadi a Kano, ko ido rufe aka miƙa masa fulogi zai gaya maka na gaske ne ko jabu. Amma takardu biyu da 'yarsa Ebube ta ajiye masa a kan kantar shago sun fi ƙarfinsa. Yarinyar 'yar tanis ce, shekararta goma sha bakwai. Takarda ɗaya gayyata ce ta buga wa jiha a gasar ƙasa, ɗayar kuma ta wata gasar ƙwararru ce a Legas. Duk a mako guda za a yi su, kuma ran Juma'a ake so ya sa hannu a ɗaya.

Ya hau adaidaita ya sami kocinta, Malam Mu'azu, a filin atisaye a Tarauni.

"Oga Izunna, Legas za ta," in ji kocin. "Can ake samun maki. Da maki ake hawa jerin duniya, har a kai manyan gasanni huɗu, irin su Wimbledon."

"To wannan makin, a ina ake ajiye shi?"

"A kwamfuta. Shekara na zagayowa ya goge."

Kayan da ke lalacewa a shekara, shi Izunna a shagonsa ba ya ma karɓarsu.

"To lambar zinaren da ake bayarwa a gasar ƙasa fa, irin ta Olamfik?"

"Ita ba ta gogewa. Akwai waɗanda suka ci manyan kofuna da yawa, amma rashin wannan lambar yana damunsu har su yi ritaya."

"Kenan ita ce babba."

"A'a, kofin ya fi."

"To me ya sa take damunsu?"

Malam Mu'azu ya sosa ƙeya, ya ce ai abin sai wanda ke ciki. Izunna ya koma gida da ruɗanin da ya fi wanda ya fita da shi. Matarsa Josephine ta ce ita dai duk inda za a ba yarinya abinci mai kyau. Maƙwabcinsa Alhaji Murtala, wanda bai taɓa riƙe raket ɗin buga tanis ba, ya yi masa bayani na rabin awa, ƙarshe ashe ƙwallon tebur yake nufi. Tsoro ya kama Izunna sosai, kada ya rufe wa 'yarsa ƙofa da hannunsa saboda jahilci.

Sai ran Juma'a da safe ya tuna akwai wadda bai tambaya ba. Ya same ta a tsakar gida tana ɗaure igiyar takalmi.

"Ebube, wanne ya fi girma?"

"Na Legas, Baba. Kowa ya sani."

"To shi zan sa wa hannu?"

Ta ƙarasa ɗaure igiyar. "A Legas, in na ce daga Kano nake, sai su ce a'a, ainihin garinku. A nan ma haka ake tambayata. A gasar ƙasa kuwa, riga za a ba ni an rubuta Kano a bayanta."

Izunna ya zauna a bakin rijiya. Shekararsa talatin a unguwar nan, nan ya binne ɗansa na fari, kuma har gobe in ana kwatancen shagonsa sai a ce na baƙon nan.

Har yanzu bai san wanne ya fi ba. Ya jawo takardar jiha, ya ɗora a gwiwa. A layin da aka ce a rubuta garin 'yar wasa, biron ya tsaya masa, domin duk rayuwarsa sunan garinsu na asali yake rubutawa a irin wannan layi. Ya rubuta Kano, harafi bayan harafi.