Mace ta Bakwai a Layi

…ta bakwai. Daga mai jan mayafi sai tsohuwa mai buhun gawayi, sai 'yan mata biyu masu dariya, sai… ta bakwai dai. Bisharo ba ta son sake kallonta, amma ido ya ƙi jin magana. Shekara goma sha ɗaya tana binciken mata a ƙofar wannan kasuwa ta Mogadishu, cikin rumfar labule, har yau gabanta bai daina faɗuwa ba in ta hango mai ciki.

Cikin ne kuwa? Ko abin da aka ɗaura ne?

Hammata, ƙugu, cinya. Wuce. Na'urar bincike tana rataye a ƙusa, yau kwana tara da lalacewarta. An ce za a kawo wata. An ce. Abin da ya rage tafin hannu biyu, da turaren mutane da guminsu… ko anjero, wainar Somaliya, ta gutsura da safe, sai ta ji warin jikin wata a yatsunta.

A wurin horo an lissafa musu alamomi: wadda ba ta kallon kowa, wadda gumi ya yi wa yawa, wadda leɓenta ke motsi. Ladan ce ta ƙyalƙyale da dariya, ta tambayi malamin wa ke fita daga gida a garin nan ba da addu'a a bakinsa ba. Ladan abokiyar aikinta, mai wushirya, mai shanye mata shayi… shekara huɗu ke nan. Bisharo ta zagaya alwala, minti biyar kacal, ta bar mata layi. Buta na hannunta ƙasa ta girgiza. Masu shayi suka ce Ladan rungume matar da ta ɗauro bam ta yi, ta tura ta baya, nesa da jama'a. Mutum uku maimakon talatin, in ji shugaban su Bisharo, kamar wani abin murna. Takalmi ƙafa ɗaya aka kai wa uwarta. Kunnen Bisharo na hagu kuwa tun ranar ƙugi kawai yake, kamar teku ta shiga ta ƙi fita.

Ta bakwai ta zama ta biyar. Gumi har haɓa. Leɓe na motsi. Ba ta kallon kowa.

Duka ukun.

Tsohuwa mai gawayi tana mita, wai kullum sai an mammatsa ta kamar akuyar sayarwa. "Ke 'yar nan, ko marigayi bai taɓa ni haka ba." 'Yan matan suna ta ƙyaƙyatawa. Da wata rana ce da Bisharo ta rama.

Guled, sojan ɓangaren maza, yana can yana danna waya. In ta yi ihu zai harba. Yaro ne, hannunsa ya fi hankalinsa sauri. In ya harba kuma ya zamana cikin gaske ne…? In ta yi shiru, matar ta iso labule, bayan labulen masu nonon raƙumi ne a jere, sun fi arba'in, wasu da goyo.

Nimo, 'yar Bisharo, ta ce mata ta bar aikin. In ta bari, wa zai tsaya? Wata mai wushirya?

Bangon buhunan yashi… taku ashirin daga layi. A can, in ma bam ne ya tashi, mutum biyu ne. Ashe lissafin shugaban ya daɗe da shiga kanta. Ƙafafu sun riga sun fara tafiya, ba da shawararta ba.

"Ke, mai baƙin hijabi. Zo nan gefe."

Tana tahowa a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashin hijabi. Me ke cikin hannun? Ta ajiye jaka a ƙasa, ta jingina da buhuna.

"Goggo, don Allah… tun asuba nake naƙuda. An rufe titi, mai keken bajaj ya sauke ni. Sai ta cikin kasuwa zan kai wurin ungozoma."

Kowa da labarinsa. Waccan ta ranar Ladan ma, an ce, cewa ta yi ɗanta ba lafiya.

Bisharo ta yi kalmar shahada, a zuci, sau ɗaya. Nimo ba ta san inda takardun gida suke ba… Hannu ya shiga ƙarƙashin hijabi. Fata. Fata ce, mai zafi, a ɗaure tamau kamar ganga — sai wani abu ya shure ta daga ciki, 'yar ƙaramar dunduniya, da ƙarfinta.

Matar ta damƙe mata wuyan hannu tana nishi, farce na shiga nama, Bisharo kuwa dariya ke neman ƙwace mata, ko kuka, ita ma ba ta sani ba. Ta ɗauki jakar, ta rataya mata a kafaɗa, ta tsallakar da ita layi, ta ce wa Guled ya matsa ya ba mutane hanya, ta bi ta da addu'ar Allah ya sauke ta lafiya.

Ta koma rumfa. Wata ta ɗaga hannu. Hammata, ƙugu, buɗe jaka —

Jaka.

Ta buɗe ta mai naƙudar? Ba ta buɗe ba. Da hannunta ta rataya mata. Da nauyi… zannuwa ne mana, da kayan jariri, da fulas ɗin shayi. Haka fulas yake da nauyi. Haka ne? Ai mai naƙuda ba za ta… To in wani ne ya ba ta riƙo a hanya, ba ta sani ba?

Baƙin hijabi ya narke cikin ɗaruruwan baƙaƙen hijabai. Ta bi ta ina? Ta yi ihu, a tattake yara a kan fulas?

"Goggo, hannuna ya gaji fa."

Matar da ke gabanta ce, har yanzu hannuwa a sama. Bisharo ta juya kunnen dama wajen kasuwa: ciniki, hon ɗin bajaj, wani na zagin jaki. Minti ɗaya… biyu… Minti nawa mutum zai saurara kafin ya ce an tsira?

Layi ya kai bakin titi.