Tabon da Ke Ciki

Shekara uku da suka wuce aka yi wa Baba aiki a Malumfashi, bayan taifot ta huda masa hanji. Tabon ya warke sumul. Ko a majalisa sai ya ɗage riga ya ce, "Ku ga ɗinki, ko tela sai haka."

Ranar da muka fara karyar masara a gonarmu ta Dayi, ya durƙushe tsakanin kunyoyi riƙe da ciki. Kwana biyu ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Ciki ya yi tam.

Na ce a koma asibiti. Baffa Ummaru, ƙanensa, ya danna tabon da babban yatsa.

"Wurin da ya warke za a kai wa likita? Sabuwar masara ce ta ƙulle shi. Kai ɗan boko, je ka tsinko filasko."

Ganyen da ake wanke cikin kowa da shi ke nan a gidanmu. Ni na tsinko, ni na dafa, ni na riƙe masa kofin. Bayan azahar ya fara amai, kore, daga baya mai warin da ba a faɗa.

A keke napep muka kai shi asibiti. Likitar ta ce bayan aiki nama yakan yi zare-zare a ciki, ya manne hanji, ko da waje ya warke. Zare ɗaya ne ya shaƙe nasa.

"Me kuka ba shi?"

Na faɗa.

"Hanya a toshe, kuka tura da ƙarfi," ta ce.

Baba ya ji za a sake yanka shi.

"Hajiya, wuƙar da ta ɗaure ni ita za ta kwance ni?"

"Ita, Baba. Kuma tana iya barin wani zaren."

"To a bar ni haka."

Kafin la'asar ya daina gane mutane. Ni na sa hannu a takardar yarda a yi masa aikin.

Sun yanke wurin da ya mutu a hanjin, ya tashi. Yanzu kunu yake sha, kaɗan-kaɗan, masara sai kallo. Baffa yana gaya wa mutane filasko ne ya sassauta cikin kafin likitoci su ƙarasa.

Baba ya daina ɗage riga. Bai taɓa yi min maganar takardar ba. Amma duk sanda cikinsa ya yi ƙugi, ni yake kallo. In na miƙa masa kofi, sai ya ce in ajiye a ƙasa.