Gurbi na Ɗari da Ɗaya

A zamanin da kwamfuta guda take cinye ɗaki guda, kuma sai an kewaye ta da fankoki kamar mai zazzaɓi, akwai wata mata a sashen lissafi na wata cibiyar bincike, kowa Malama yake ce mata. Mijinta direban jirgin ƙasa ne. Shi kaɗai yake kiranta Injiniya, da tsokana, amma a tasha babu wanda bai gaji da jin labarinta a bakinsa ba.

Aikin da ya ci musu shekaru shi ne ƙirƙiro wa na'urar harshe. Kafin nan, duk mai son ta yi masa lissafi sai ya zauna ya jera mata lambobi zalla, a huda su a kati, in ya kuskure ɗaya ya yini yana nema har idonsa ya yi ja. Su kuwa suka ce a bar mutum ya rubuta umarni yadda kansa zai ɗauka: ɗauko wannan, tara da wancan, ajiye a can, koma baya ka sake. Wani shiri da suka raɗa wa suna Tafinta shi zai juya umarnin zuwa lambobin da na'ura take ji. Harshen kaf ɗinsa umarni ne. Babu roƙo a ciki, babu tambaya, kuma na'urar ba ta san musu ba.

Wannan rashin musun ne ya hana Malama sukuni. Ƙwaƙwalwar na'urar 'yar mitsitsiya ce, an yanyanka ta gurbi-gurbi kamar ɗakunan gidan haya. Mai rubuta shiri yakan ce a ware masa gurbi ɗari, a ware masa. Amma in ya sha'afa ya ce a ajiye abu a na ɗari da ɗaya, na'urar ba za ta ce masa ya wuce iyaka ba. Gurbin maƙwabci za ta shiga, ta shafe abin da ta tarar, ta zuba sabon, ta ci gaba da aiki hankali kwance. Don haka Malama ta rubuta wa Tafinta wani ƙari, ta kira shi Maigadi. Kafin kowace ajiya sai ya duba iyaka, in an ƙetare ya tsayar da komai ya kaɗa ƙararrawa.

Shugaban sashen, wanda a bayan idonsa ake ce wa Sarkin Sauri, bai so Maigadi ba ko kaɗan. Ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba ne, abin da ya fi ƙona wa Malama rai ke nan, domin yana da hujja. Tsofaffin masu jera lambobi sun rantse harshen ba zai taɓa kamo saurin hannunsu ba, kuma in ya zo da nawa babu mai saye. Maigadi kuwa yana raba saurin biyu. Ana gobe mutanen kamfanin jiragen ƙasa za su zo kallon gwaji, ya zare katunan Maigadi daga tarin da hannunsa, ya ɗora su a teburinta.

"Ranka ya daɗe, ka ƙwaƙule masa ido ka bar masa ƙafa," in ji ta.

"Malama, bari su saya tukuna. Da zarar sun saya, mu mayar da shi."

Ta san ba za a mayar ba, shi ma ya sani. Dokar ɗakin na'ura ce: tarin katin da ya ci gwaji, a daidaita shi, a ja masa jan layi a gefe, a ɗaure. Daga ranar ba mai sake kwance shi, ko shugaba ne, saboda sun sha ganin an shiga gyara abu ɗaya an ɓata uku. Washegari gwaji ya yi kyau, baƙi suka yi ta jinjina kai, aka ja jan layi tana tsaye tana kallo.

Kamfanin jirage ya ɗauki harshen hannu bibbiyu. Kowace yamma sai su aiko da jerin jiragen gobe, a huda a kati, na'ura ta fitar da jadawali, a buga wa tashoshin hanya ta waya: wane jirgi zai wuce, wane zai raɓe ya jira. Abin ba wasa ba ne, domin daga gari zuwa ƙetaren kogi layin dogo ɗaya ne tal, gada ma ɗaya.

Ta gaya wa mijinta damuwarta yana goge takalmin aiki a tsakar gida. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Injiniya, ke kika haifi abu, ke kuma kike tsoronsa? Ni na riga na cika baki a tasha, kada ki ba ni kunya."

Ba ta sake tayar masa da zancen ba. Watanni suka shuɗe ba a sami kuskure ko ɗaya ba, wannan kuma ya ƙara mata tsoro maimakon ya rage. Tun akawunan kamfanin suna bin jadawalin da fensir suna tantancewa, har suka koma leƙawa kawai, daga baya aka ga zamansu ɓarnar albashi ne aka mayar da su sayar da tikiti. Duk wanda ta tuna wa Maigadi sai ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Ran nan da hantsi, farkon hutun makarantu, ta shigo ofis ta tarar mai huda kati tana murza wuyan hannu tana mita. Wai jiya mutanen jirgi sun kusa kashe ta, an ƙaro jiragen hutu a layin kudu, katunan ma akwati ɗaya bai ɗauke su ba. Malama ta tambaye ta jiragen kudun nawa ne. Ta ce ba ta ƙirga ba, amma dai sun ɗan haura ɗari.

 Malama ta san shirin kamfanin ciki da waje. Gurbi ɗari aka ware wa layin kudu, kuma daga inda suka ƙare guraben layin arewa suka fara, babu ko tsinke a tsakani.

Ta jawo aljihun teburinta, ta kwaso katunan Maigadi, ta shiga ɗakin na'ura. A gaban kowa ta tsinke zaren da ya ɗaure Tafinta, ta mayar da katunan Maigadi ciki. Mai kula da na'ura ya taso, ya ga fuskarta, ya ba ta hanya. Sarkin Sauri ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, bai hana ba. Aka sake zuba katunan jiya. Na'urar ta riƙa haɗiyarsu a hankali, fankoki suna ta kuka, kowa ya zuba ido. Can sai ta tsaya cak, ƙararrawa ta kaɗa.

Ashe jiya an rubuta a gurbi na ɗari da ɗaya. Abin da ke wurin kafin a shafe shi kuwa shi ne jirgin farko na layin arewa mai bi ta gada, jirgin fasinja na safe, wanda mijinta yake ja. Shi ba ya jiran jadawalin na'ura kafin ya tashi, lokacinsa sananne ne, kullum tashar gari takan sallame shi. Tashoshin hanya ne suke dogara da jadawalin don su san wa za su tsayar masa.

Ta ruga ofishin shugaba ta ɗauki waya, ta juya lambar tashar ƙetaren kogi. Shugaban tasha ya ɗauka, dattijo mai sanyin murya, ya fara jero gaisuwa. Ta katse shi, ta ce don Allah duk jirgin da zai nufi gada a riƙe shi, jirgin safe yana kan layi.

"Wane jirgin safe, 'yar nan? Babu shi a jadawalin yau. Ni na ɗauka an soke shi saboda jiragen hutu."

"Ba a soke ba, Baba. Ya tashi. Mijina ne yake jan sa."



"Na saki jirgin kaya tun ɗazu," in ji shi. "Takarda ta ce layi a buɗe yake."

Ta tambaye shi ko akwai yadda za a yi a sami direba bayan ya bar tasha. Ya ce babu, tsakaninsu da gada ko sigina babu. Sai ya ce ta dakata. Ta ji ƙarar taga ana turawa.

"Ina jin usur daga wajen gada," ya ce, muryarsa ta sauya. "Guda biyu nake ji."

Ya yar da kan wayar a tebur bai katse ba. Ta ji takunsa yana gudu, ta ji ƙofa ta bugu. Ta ci gaba da kiran Baba, Baba, wayar manne a kunnenta, babu wanda ya amsa.