Alhamis Ɗin da Baƙo Ya Kawo Ƙara

Shekarar da kuɗin mai ya sa kowa a Katsina ya sayi rediyo, ita ce shekarar da Gideon, ɗan maƙwabciyata Martha, ya fara tuƙa jirgin yaƙi. Irin masu tare jiragen abokan gaba ne, siriri mai tsinin baki, sai ya wuce sannan ka ji ƙararsa. Martha 'yar Kagoro ce, ungozoma, ta fi shekara ashirin tare da mu a Ƙofar 'Yandaka. Ni Sabuwa na goya yaron nan, har fitsari ya sha yi mani a baya, wai yau shi ke tsaron sararin samaniya.

Ran Alhamis suke tasowa atisaye daga Kano. Martha sai ta shanya jan zane a kan soro. Sauran matuƙan wucewa suke abinsu, shi kuwa gogan sai ya sauko ƙasa-ƙasa, ya kewaye wata kuka a bayan Kambarawa, ya karkata fiffike sau biyu. Ya gaida uwarsa ke nan. Abin haushin, gindin kukar nan shanun Baƙo ke hutawa, mijin Mairama mai kawo mana nono.

Kowace Alhamis da la'asar sai ga Baƙo da sandarsa. Sai ya gama tambayar gida da aiki da gajiya, sannan ya sauke ƙarar da ya kawo.

"Uwar Gideon, a gaya wa yaron nan saniya ba ta san gaisuwar soja ba."

"To Malam Baƙo, in hau sama in ja mashi kunne?"

Ta dama mashi kunu, ya sha yana mita, ya tafi. Haka muke.

Wata Laraba rediyo ya ce jirgi ɗaya ya faɗi a daji wajen atisaye, matuƙin bai fita ba, kuma ba za a faɗi sunansa ba sai an sanar da iyalinsa. Na uku ke nan a shekarar. Na farko tsuntsu ya shiga injinsa, na biyu hadari ya rufe shi. Martha ta aje muciya, tuwon nan ba wanda ya ci. Ni ma tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Washegari da sassafe muka hau motar Kano. Sojan bakin ƙofar barikinsu ya ba mu benci, ya ce shi bai san komai ba, wasiƙa za a aika wa iyalin. Muka zauna har azahar. Jirage na tashi, amma wa zai gane ɗansa daga ƙasa? Muka juyo Katsina.

Muna isowa gab da magariba, ga Baƙo a dakali, ya cika ya yi fam. Na yi kansa.

"Haba Baƙo, ba ka da ido ne? Yau ma?"

Ashe bawan Allah ba shi da rediyo, bai ji komai ba.

"Yau ma ai ta fi kullum," in ji shi. "Ya karkata sau biyu kamar yadda ya saba, maimakon ya tafi, sai ya dawo. Har sau uku yana kewayen gari, kamar wanda akuyarsa ta ɓace. Bijimina har yanzu ban gan shi ba."

Martha ta dafa bango. "Sau biyu ka ce ya karkata?"

"Wane ne ke mani wannan in ba ɗanki ba?"

Ta ɗaga kai ta dubi soro. Ba zane, garin sauri mun manta. Ta zauna a ƙasa daɓas, tana kuka tana dariya, ni kuma ina taya ta. Baƙo ya dube mu kamar mun taɓu, sai da na ba shi labari.

"To," ya ce a hankali, "ki shanya mashi zanensa. Shanu ai sun saba gudu."

Martha ta share ido, ta tashi za ta ɗora kunu. A bakin madafa ta tsaya.

"Sabuwa, wasiƙar nan fa an rubuta ta. Wata uwar tana can za ta karɓa."