Tsohon Makwancin Kubanni

Shekara ashirin da biyu ina noman rani a bakin kogin Kubanni, bayan Samaru, tun mijina Henry yana da rai. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma in faɗi gaskiya, 'yar fadamar nan ce ke riƙe da gidana. Latas da albasa nake kaiwa kasuwar Sabon Gari. Takardar gonar magana ɗaya ta yi game da gabas: iyakarta kogi. Tsallaken kogin kuwa gonar Ɗanmalam ce, wani dattijo marar yawan magana, wanda tsakanina da shi sai ɗaga hannu daga nesa.

Ruwan watan Agusta ya zo ya yi abin da ya ga dama. Kwana uku ba a ganin komai sai jan ruwa. Da ya janye, sai ga kogi ya bar hanyarsa ya ratsa ta tsakiyar gonata kamar an aiko shi. Rabin gonar, mai kyaun ma, ya koma tsallake ya manne da ta Ɗanmalam. Yashi ya rufe wurin ruf, ba ka ko gane inda ruwan yake bi a da. Na tsaya a nan na sha kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Julius ƙanin mijina, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba amma ya haddace dokar kowace ƙasa, ya ce ai shi ke nan, tunda takarda ta ce kogi ne iyaka, abin da ke tsallake ya zama na mai tsallake. Bayan sati guda ya sake zuwa da labarin wai an ga Ɗanmalam yana haƙa a wurin. Ranar ko koko ban sha ba. Na ɗaure ɗankwali, na tattare zani, na ratsa ruwa iya gwiwa ina shirya masa maganganun da ba a faɗa a coci.

Na same shi cikin rami iya ƙugu, ga wasu ramukan a jere sun fi goma. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na tambaye shi wa ya ba shi izini. Ya ɗebo abin da ke ƙasan ramin a shebur ya miƙo mini: tsakuwa ce mai santsi, irin wadda ruwa ya daɗe yana gogewa. Sannan ya nuna mini wani ramin, ƙasarsa baƙa wuluk, da guntayen leda da fasassun tangaran a ciki. Nan take na gane takina, sharar Sabon Gari da nake sa a zubo mini duk shekara. Ramukan ɗaya ɓangaren kuwa kashin shanu ne, don shi bai yarda da takin bola ba.

"Maman Sarah," in ji shi, "ruwa ne ya tashi, makwancinsa na nan. Duk inda tsakuwa take, nan ne kogin da. Kwana huɗu ke nan ina bin sa, kada 'ya'yanmu su zo su yi faɗan da mu ba mu yi ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa ya ci gaba da bayani kamar bai ga yadda na zo ba. Ya ce yashin da ke kan tawa bai wuce kamu ɗaya ba, ƙarƙashinsa sabuwar laka ce, in aka kwashe yashin, albasa za ta yi bana fiye da bara.

Sai na tambaye shi shi tsohon makwancin fa, na wa ke nan. Ya ce in duba turakun da ya kakkafa. Na duba. Duk a nasa gefen suke, ya bar mini makwancin gaba ɗaya.

"Sabuwar hanyar kogin, gonarki ta ci," ya ce, yana komawa cikin ramin. "Ni ba ta taɓa ni ba."